Jaririn Da Aka Sallamo Daga Asibiti: Jira Tawakkali Ne Ko Sakaci?

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda yake halittar ɗan Adam a cikin mahaifa mataki bayan mataki, sa'an nan ya fito da shi duniya yana mai rauni, ya hore masa ji da gani da hankali. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, mas'alar wannan mako ta shafi jaririn da ya fara rayuwarsa a gadon asibiti. Akwai wanda ake haihuwa ciki bai cika ba, watau bakwaini, akwai wanda ya sha wuya wajen naƙuda har ya jima bai yi kuka ba, akwai wanda shawara ta kama a kwanakin farko, akwai kuma wanda ƙwayar cuta ta shiga jininsa ko ya yi ta jijjiga. Irin waɗannan akan kwantar da su a ɗakin jarirai, wasu a cikin kwalba, kwana da kwanaki, iyaye suna zarya, dangi suna addu'a. Idan Allah ya sa da sauran shan ruwa aka sallame su, sai gida ya cika da murna, murnar kuwa tana kan wurinta.

To, amma ranar sallama likita yakan ƙara da wata magana wadda sau da yawa murna take dannewa. Yakan ce a komo da yaron ran kaza a gwada jinsa, a duba idonsa, a ga yadda yake motsa gaɓoɓinsa, domin yana cikin waɗanda ake tsoron su makara wajen zama ko tafiya ko magana. A nan ra'ayi yake rabuwa a gida. Dattijo zai ce tun da Allah ya raya shi, sauran sai a bar wa Allah, kowane yaro da ranar da zai yi tafiya. Tsohuwa ta ce ba a yi wa ɗa mugun fata, yaro lafiyarsa ƙalau me zai kai shi asibiti. Uba kuwa ya tuna abin da zaman jinya ya riga ya ci masa, ya yi shiru. Abin tambaya shi ne: wannan jira tawakkali ne da za a yaba, ko kuwa sakaci ne da amanar da za a tambayi masu riƙe da ita?

Girman al'amarin

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙidaya jariri a bakwaini idan an haife shi kafin ciki ya cika mako 37. Ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an haifi irin waɗannan miliyan 13.4, watau kimanin ɗaya cikin kowane jarirai 10, mafi yawansu kuwa a kudancin Asiya da Afirka kudu da Sahara. Ke nan da wuya a sami unguwar da babu gidan da abin ya shafa.

Dalilin da ya sa likitoci suke sa wa irin waɗannan jarirai ido a fili yake. Watannin ƙarshe na ciki su ne lokacin da ƙwaƙwalwa take saurin ginuwa, har ma an auna an ga ƙwaƙwalwar ɗan mako 34 a ciki ba ta wuce kimanin kashi biyu cikin uku na nauyin ta wanda cikinsa ya cika ba. Bakwaini yakan ƙarasa wannan gini ne a wajen mahaifa, cikin haske da ƙara da zafin allura, nesa da ɗumin jikin uwa. Wanda ya jima bai yi numfashi ba kuwa, ƙarancin iska na iya yi wa ƙwaƙwalwarsa illa. Ita ma shawara, idan ta yi tsanani ba a kula ba, takan taɓa ƙwaƙwalwa ta bar yaro da kurumta ko sandarewar gaɓoɓi. Wajibi ne a faɗi cewa da yawa daga cikin waɗannan yara sukan tashi lafiya lau, babu wata alama. Sai dai ranar sallama babu likitan da zai iya rantsewa wane ne zai tashi lafiya, wane ne zai makara, shi ya sa ake bibiyarsu duka.

Matsayin jariri a Shari'a

Kafin a yi maganar abin da ya wajaba a yi masa, ya kamata a san matsayin wanda ake magana a kansa. An ruwaito daga Sayyidina Ali da Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, cewa sun haɗa aya ta 15 ta Suratul Ahƙaf, wadda ta ambaci wata 30 domin ɗaukar ciki da yaye, da aya ta 233 ta Suratul Baƙara, wadda ta ambaci shekara biyu domin shayarwa, suka fitar da cewa mafi ƙarancin muddar ciki wata shida ne. Watau tun zamanin sahabbai an san da bakwaini, an kuma tabbatar masa da nasabarsa cikakkiya. A mazhabar Malikiyya ana dakatar da rabon gado har sai mai ciki ta sauka, idan jariri ya faɗo ya yi kuka to ya ci gado, ko da nauyinsa bai kai na mudun gero ba. Idan an haife shi kafin lokacin zakkar fidda-kai, uba zai fitar masa kamar yadda zai fitar wa kansa. Shari'ar da ta tsare wa jariri rabonsa na gona da gida tun yana ciki, ba za ta yi sake da ji da gani da hankalin da zai ci moriyar gonar da su ba.

Malaman usulu, irin su Imamul Gazali wanda ya rasu a 1111, sun tara manufofin Shari'a a kan tsare abubuwa biyar: addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya. Imamu Shaɗibi, malamin Malikiyya na Andalus wanda ya rasu a 1388, ya bayyana a littafinsa Al-Muwafaƙat cewa kowanne daga cikinsu ana tsare shi ta fuska biyu, fuskar samar da abin da zai tsayar da shi, da fuskar kore abin da zai ɓata shi. Galibi idan aka ce tsare hankali, abin da yake faɗo wa mutane shi ne haramcin giya da kayan maye, wannan kuwa fuskar korewa ce kaɗai. Fuskar samarwa ita ce a ciyar da hankali da abin da zai gina shi, babu kuwa lokacin da ya fi bukatar haka kamar lokacin da ake aza harsashinsa. Saboda haka wanda ya sayar da akuya da kaji don ceton ran jariri ya sauke nauyi ɗaya cikin biyar ɗin, ladansa yana wurin Allah, amma nauyin hankali yana nan a wuyansa, kuma ranar sallama ne ma aikinsa yake somawa sosai.

Hakkin da yake da lokaci

Malamai sun raba wajibi zuwa mai yalwar lokaci da mai ƙuntataccen lokaci. Sallar Azahar tana da yalwa, wanda bai yi ta a farkon lokaci ba yana iya yi a tsakiyarsa. Amma sun ce idan mai salla ya hango makaho yana shirin faɗawa rijiya, wajibi ne ya yanke sallar ya tare shi, domin salla ana sake ta, shi kuwa makaho in ya faɗa ya faɗa. Taimakon jaririn da ake magana a kansa ya fi kama da na biyun, ilimin zamani kuwa ya nuna dalili.

A shekarun 1960, wasu masana biyu a Jami'ar Harvard ta Amurka, David Hubel da Torsten Wiesel, sun rufe wa 'yan kyanwa ido ɗaya a makonnin farko na rayuwarsu. Da aka buɗe idon daga baya sai aka tarar shi kansa lafiyarsa ƙalau, amma ƙwaƙwalwa ba ta koyi gani da shi ba. Da aka yi wa babbar kyanwa haka, babu abin da ya same ta. Wannan bincike ya sa aka ba su lambar yabo ta Nobel a 1981, kuma ya tabbatar da cewa ƙwaƙwalwa tana da lokutan da take karɓar darasi cikin sauƙi. Hausawa ma sun riga sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Alal misali, kurumta. A cikin jarirai masu lafiya akan sami kimanin 1 zuwa 3 cikin 1,000 da matsalar ji, amma a cikin waɗanda suka kwanta a ɗakin kulawa ta musamman abin yakan kai 2 zuwa 4 cikin 100. Jaririn da ba ya ji yana murmushi, yana shan nono, yana ƙiba, babu mai ganewa sai ya shekara biyu ko uku bai ce baba ba. Wani bincike da aka buga a 1998 daga Jihar Kolorado ta Amurka ya nuna cewa yaran da aka gano kurumtarsu kafin wata shida aka taimake su, sun fi waɗanda aka gano daga baya ƙwarewar harshe nesa ba kusa ba. Shi ya sa a can aka kafa ƙa'ida cewa a gwada ji kafin wata 1, a tabbatar kafin wata 3, a soma taimako kafin wata 6. Gwajin kuwa na 'yan mintoci ne, da wata 'yar na'ura da ake sa wa jariri a kunne yana barci.

Haka ido. Ƙananan bakwaini, musamman waɗanda aka ba iskar oksijin, jijiyoyin jinin da ke bayan idonsu na iya tsiro ba bisa ƙa'ida ba har su makantar da su. Idan likitan ido ya duba kimanin wata ɗaya bayan haihuwa, ya ci gaba da dubawa, ana iya tare abin, in an bari kuwa cikin 'yan makonni ido yake tafiya. Haka kuma shanyewar gaɓoɓi da ke tasowa daga ƙwaƙwalwa: a da akan jira yaro ya shekara ɗaya ko biyu kafin a tabbatar, amma tun 2017 masana suka haɗu a kan cewa ana iya ganewa kafin wata biyar ta hanyar lura da irin motsin jariri da wasu gwaje-gwaje. Duk da haka kada a fahimci cewa ƙofa tana rufewa ruf. Wanda ya makara ya kai yaronsa, taimako yana da amfani a kowane lokaci, sai dai abin da za a samu da sauƙi a wata shida, da wuya ake samun rabinsa a shekara shida.

Wane irin taimako ne?

Mai karatu zai iya zaton ana maganar manyan injuna ne waɗanda sai ƙasashen Turawa. Alhali kuwa mafi ƙarfin abin da aka gano a wannan fage a ƙasar talakawa aka gano shi. A 1978, a wani asibitin haihuwa na birnin Bogota a ƙasar Kolombiya, kwalabe suka yi kaɗan, jarirai suka yi yawa. Sai Dokta Edgar Rey ya shawarci iyaye mata su riƙa ɗora bakwaini a ƙirjinsu, fata da fata, a ɗaure da zane, ana ba shi nonon uwa. Aka sa wa dabarar sunan kangaru, dabbar nan ta Ostireliya mai renon ɗanta a jakar cikinta. Wannan goyon ƙirji yana ɗumama jariri, yana daidaita numfashinsa, yana rage kamuwa da cuta, yana kuma sa nono ya kawo.

A 2021 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a ƙasashe biyar, watau Gana, Indiya, Malawi, Nijeriya da Tanzaniya, a kan jarirai fiye da 3,000 masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da kilo 1.8. A Nijeriya an yi shi ne a asibitin koyarwa na Ile-Ife, a Gana kuwa a Kumasi. Waɗanda aka soma wa goyon ƙirji nan take bayan haihuwa, mutuwarsu a cikin kwana 28 na farko ta ragu da kashi 25 cikin 100 idan aka gwada da waɗanda aka jira sai sun murmure. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da wannan shawararta ga duniya duka. Al'ummar da ta gaji goyo kaka da kakanni, ita ce ya kamata ta fi kowa saurin karɓar wannan, kuma uba ma yana iya yi, kaka tana iya yi, idan mai jego ta gaji.

Bayan sallama kuwa taimakon shi ne zuwa awo a kan lokaci, da gashin gaɓoɓi ga wanda jikinsa ya saki ko ya sandare, da na'urar ƙara ji ko koyon maganar hannu ga kurma, da koya wa uwa yadda za ta riƙa yi wa jariri magana, tana kallon idonsa, tana amsa gwarancinsa, tana ba shi abin da zai miƙa hannu ya kama. A Amurka an yi dokar da ta tanadi irin wannan hidima ga yara daga haihuwa zuwa shekara uku tun 1986. A can ne kuma aka bi bakwaini 985 a wurare takwas, aka ba wasu daga cikinsu ziyarar gida da makarantar reno har shekara uku. Sakamakon da aka buga a 1990 ya nuna cewa masu ɗan nauyi daga cikinsu sun zarce takwarorinsu da maki 13 a gwajin fahimta, ƙananan kuwa da kusan maki 7. Gaskiya ɗaya ce, da aka sake gwada su suna da shekara takwas, ratar masu ɗan nauyin ta ragu zuwa kimanin maki 4, ta ƙananan kuwa ta ɓace. Darasin da ke ciki shi ne taimakon farko yana da amfani, amma yana bukatar a ɗora a kansa, kamar shukar da aka yi wa noman fari, tana jiran maimai.

A Kingston ta ƙasar Jamaika kuma, a 1986 da 1987, aka soma wani aiki a kan yaran talakawa da rashin abinci ya tsumburar. Ma'aikatan lafiya na unguwa suna ziyartar gida sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna koya wa uwa wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 aka tarar abin da waɗannan yara suke samu na sana'a ya fi na waɗanda ba a ziyarta ba da kashi 25 cikin 100. Ko da yake ba jariran asibiti ba ne, sun nuna abin da bakin uwa da hannunta suke iya yi wa ƙwaƙwalwar da ta soma rayuwa da rauni.

Hujjojin masu jira

Hujja ta farko ita ce ƙaddara. Lalle babu abin da zai sami bawa sai abin da aka rubuta masa, wanda ya yi shakkar haka imaninsa ya sami taɓo. To, amma sahabbai sun riga sun warware wannan. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke, ya yanke shawarar komawa, sai Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi. Umar ya amsa masa da misalin makiyayin da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya fako: duk inda ya kai raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kai su, amma mai hankali ya san inda zai nufa. Haka Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa tukuna sa'an nan ya dogara ga Allah, ya kuma umurci bayin Allah su nemi magani. Wani abin lura shi ne, babban mutum yana iya zaɓar haƙuri da ciwon da ke jikinsa, amma waliyyi ba shi da ikon zaɓar wa jariri haƙuri da cutar da ake iya tarewa, domin ƙa'ida ita ce duk abin da waliyyi zai yi game da wanda ke ƙarƙashinsa a kan maslahar wannan yake ratayuwa.

Hujja ta biyu ita ce tsoron mugun fata. Musulunci ya hana camfi, ya so kyakkyawan fata. Sai dai wanda ya ga hadari ya haɗo ya kwashe shanya, babu mai cewa shi ya kira ruwa. Kai yaro gwajin ji ba ya kawo kurumta, in tana nan zai bayyana ta, in babu ita hankali ya kwanta. Camfi na ainihi shi ne a ga yaro ya wata tara bai zauna ba, wuyansa yana langaɓewa, a ce aljanu ne suka musanya shi ko ɗan ruwa ne, a ɓoye shi a ƙurya, ko a ɗora wa uwarsa laifi. Addu'a da tofi da ayoyin Allah alheri ne, a yi su safe da yamma, babu kuwa malamin kirki da zai ce su hana zuwa asibiti.

Hujja ta uku ita ce ta fi nauyi, watau babu. Uban da kuɗin mota ya gagara, garinsu kuma babu likitan gashi sai an yi tafiyar yini, ba za a haɗa shi da mai hali ba, domin Allah ba ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinta. Sai dai rashin iko yana sauke abin da aka kasa ne kaɗai, abin da ake iyawa yana nan. Goyon ƙirji ba a sayensa, haka nonon uwa, haka hira da jariri. Nisantar da kafur daga kayan jariri ma kyauta ne, kafur kuwa yana fasa ƙwayoyin jinin yaran da suka gaji ƙarancin wani sinadari da likitoci ke kira G6PD, ya tsananta musu shawara. Haka duba idon jariri da dasashinsa a hasken rana kowace safiya a makon farko, a garzaya da shi idan ya yi ɗorawa. Abin da ya rage wanda ya fi ƙarfin uba, sai ya koma wuyan jama'a.

Wa za a tambaya?

Uba ne na farko, domin ayar shayarwa a kansa ta ɗora ci da tufafin mai shayarwa. Mai jegon da take kwana a barandar asibiti tana tatsar nono ana ba ɗanta da cokali ko ta roba, tana bukatar abinci da kwanciyar hankali da miji a kusa. Uba ne kuma zai tsaya ya ce ba za a fitar da jariri daga kwalba saboda taron suna ba. Yanka da raɗa suna suna yiwuwa yaro yana asibiti, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan taƙaita sallar jam'i idan ya ji kukan yaro, don tausaya wa uwarsa. Shari'a ta ba mai shayarwa damar ajiye azumi idan ta ji wa ɗanta tsoro. Idan ibada ta sassauta saboda jariri, bikin al'ada ya fi cancantar sassautawa. Haka idan mai jego za ta tafi wankan gida, a tabbata katin asibiti ya bi ta, kuma kwana 40 ɗin bai cinye ranar duba ido ba. Iyaye su san kuma cewa bakwaini ana lissafa masa watanni ne daga ranar da ya kamata a haife shi, har ya kai kimanin shekara biyu, watau ɗan wata shida da ya riga lokaci da wata biyu, a auna shi da ɗan wata huɗu.

Sai ma'aikatan jinya da likitoci. Amanarsu ce su yi wa iyaye bayani da harshen da suke ji, cikin rahama, su bar uwa ta kusanci ɗanta, kada su mai da ita baƙuwa mai leƙe ta taga. Kalma ɗaya ta tsawa ko wulakanci tana iya hana uwa komowa har abada, jariri ne kuwa zai biya.

Sai jama'a da shugabanni, domin samar da masu gwajin ji da likitocin ido da masu gashi farillar kifaya ce, in babu wanda ya tsaya mata kowa ya shiga laifi. An ruwaito cewa Sayyidina Umar a farko ba ya yanka wa yaro rabo daga baitulmali sai an yaye shi. Wani dare ya ji jariri yana ta kuka, ya bincika ya tarar uwar tana gaggauta yaye ne don ta sami rabon. Da gari ya waye ya sa aka yi shela cewa kowane abin haihuwa yana da rabo tun ranar haihuwarsa. Halifa Walidu ɗan Abdulmalik kuma ya sa wa makafi 'yan jagora, ya sa wa guragu masu hidima, daga baitulmali. Iyalin da jinya ta talauta suna cikin masu cin zakka, kuma attajirin da yake neman sadaka mai gudana, na'urar gwajin ji ɗaya ko fitilar shawara ɗaya da zai yi wakafinta a asibitin garinsu za ta yi wa jarirai dubbai hidima. Kwamitin masallacin unguwa ma yana iya ɗaukar kuɗin motar uwa ɗaya zuwa awo, hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka.

Idan an yi kome bai warke ba

Wani yaron za a yi masa duk abin da aka ambata, ya tashi da naƙasarsa. Wannan ba asara ba ce, domin ba don a samo ɗa marar aibu aka yi hidimar ba, an yi ta ne don hakkinsa ne, kuma don ya kai iyakar abin da Allah ya ɗora a cikinsa. Suratu Abasa ta sauka ne game da makaho, Abdullahi ɗan Ummi Maktum, wanda ya zama ladan, Annabi kuma ya riƙa wakilta shi a Madina idan zai yi tafiya. Aɗa'u ɗan Abi Rabah, tabi'in da fatawar Makka ta koma hannunsa, masu tarihi sun siffanta shi da gurguntaka da shanyewar hannu, daga baya kuma ya makance. Da an ɓoye su a ƙurya, da al'umma ta yi babban rashi.

Amsar tambayar ke nan: jiran da ya zo bayan an yi iyakar ƙoƙari shi ne tawakkali, mai shi yana da lada biyu, na aiki da na haƙuri. Jiran da aka yi alhali an ji gargaɗi, ana kuma da iko, sakaci ne da amanar wanda ba shi da bakin da zai kai ƙara, kuma kowane makiyayi abin tambaya ne game da abin kiwonsa. Wanda yake da katin asibiti a ƙarƙashin katifa, ya ɗauko shi yau ya duba ranar da aka rubuta.

Allah ya ba jariran da ke kwance lafiya, ya raya su bisa tafarkin Musulunci, ya saka wa iyayensu da masu jinyarsu da mafificin alheri. Allah ne mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.